Kaskon Firjin 'Yardada

Yayata 'Yardada ba ta yarda ɗigon ruwa ya tafi a banza. Kullum in ta idar da sallar asuba, sai ta zaro ɗan tiren nan da ke ƙarƙashin famfon firjinta, wanda ita take kira kasko, ta kai gindin lallen da ke tsakar gida ta juye abin da ya taru. Shekara da shekaru haka take yi a gidanta na Kabara. Bara dai na ga lallen ya yi kore shar fiye da yadda na san shi. Ban tambayi dalili ba.

Watan jiya ɗanta Alhaji Salihu ya sa aka fitar da tsohon firjin aka shigo da sabo, aka kuma shimfiɗa mata tayil a ɗaki. Kwana biyu sai na lura a zaune take salla. Shi ma ban tambaya ba. Abin da na sani, Alhaji ya daɗe yana son ya ɗauke ta ya mayar gidansa can bayan gari, ita kuwa ta ce daga wannan gida sai makwancinta. Ya ce ya ji, amma duk ranar da labari ya iske shi cewa ta faɗi, to magana ta ƙare.

Ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a bakin ƙofarta ina jan carbi, muna jiran Alhaji da ya ce zai shigo wajen la'asar. Sai ga jikanta Modu, ɗan Alhajin, da baƙar leda a hannu. Sunan marigayi mijinta ya ci, don haka ba ta faɗin sunansa, Maigida take ce masa.

"...da gajiya kuma, Amarya? Ya tsofaffin ƙasusuwa?"

"Ƙasusuwa ƙalau. Kai za a tambaya, mijin da aka aika kasuwar Wambai tun jiya da hantsi, sai yanzu ya ga damar dawowa. Ko Barno ka wuce gaida dangi?"

"Au, gaisuwar ma ba za a amsa ba? Malam, ka ga irin tarbar da ake yi wa mai gida."

"Malam ya gani. Ya ga irin rabon da Allah ya ba ni. Na farko Babarbare, na biyu Babarbare. Gara na farkon ma, tsagarsa a fuska take. Wannan tasa a gwiwar wando."

Da yake ni suke kira Malam, na ce Allah ya ba kowa haƙuri.

"Ba ni kaskona," in ji ta.

"Ki bari in huta mana. Babu rumfar da ban leƙa ba. Daga 'yan roba aka tura ni wurin masu gyaran firji, daga can aka tura ni wurin 'yan gwangwan. Duk wanda na kwatanta masa sai ya ƙare mini kallo ya ce, 'Samari, kakarka ce ta aiko ka?'"

"Sai ka ce musu matarka ce."

"Na faɗa. Jaje suka yi mini."

"Ɗan nema! Buɗe ledar."

Ya zaro wata 'yar shuɗiyar roba ya ajiye a gabanta a hankali, kamar mai ajiye sadaki. Ba ta ɗauka ba, da ido ta juya ta.

"Wannan ai mazubin sabulu ne."

"Raga a sama, wurin tsiyaya a ƙasa. Me ya raba shi da wanda kike nema?"

"Abin da ya raba ka da kakanka. Suna ɗaya, aiki daban."

"To ai irin naki an daina yi, Amarya. Wani mai gyara ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana ɗan koyo, ga shi yanzu har da furfura."

"Ƙarya yake, furfurar talauci ce. Kai me ka sani game da kasko? Firjin farko da ya shigo lungun nan nawa ne. Kakanka ya sako shi a jirgin ƙasa daga Ikko, 'yan dako suka shigo da shi a ka, yara na bin su har ƙofar ɗakin nan. Ba ruwansa da wutar Nepa, kalanzir yake sha, da 'yar fitilarsa a ƙasa."

"Wato da wuta ake yin sanyi. Daga nan ma labarin ya fara tsami."

"Tambayi Malam."

Na ce an yi haka.

"Ba shi da famfo. Amma kaskonsa! Na ƙarfe, fari tas, ana zura shi ƙarƙashin gidan ƙanƙara. Duk abin da ya narke nan yake taruwa. Faɗinsa kuwa, a ciki aka yi wa ubanka wankan suna."

"Malam?"

Na ce wannan ban shaida ba, amma ban isa in ƙaryata ba.

"Daga shi sai ɗan Beljiyam ɗin da ubanka ya zubar mini. Shi ne ya zo da famfo a jikin ƙofa. Kaskonsa na roba ne, amma da zurfi, raga a sama, ka zaro shi kamar aljihun tebur, ka wanke ka mayar. Kofi guda za ka kifar a ciki, ya haɗiye ya yi shiru. Kasko mai rufin asiri. Bai taɓa kai ƙarar kowa ba."

"Wa zai kifar da kofi guda a ciki?"

"Misali na yi. Yanzu dubi na wannan dogon banzan." Ta nuna sabon firjin da haɓa. "Murfin gwangwanin madara ya fi shi zurfi. An manne shi da ƙofa, ba ya zaruwa, ba ya juyuwa. Ka ɗiga masa kaɗan ya tofar a ƙasa kowa ya gani. Munafuki ne, irin yaran yanzu."

"Da gangan aka yi shi haka. Sun ce na da in ruwa ya kwana a ciki gansakuka yake yi, ya yi wari, kyankyasai su samu wurin wanka. Na yanzu don ɗigo ɗaya ko biyu aka yi shi, iska ta busar. Wasu ma sun fito babu kaskon sam."

"Babu sam? To don wa ake yin su?"

"Don mai riƙe kofi daidai."

Nan carbina ya tsaya a hannuna. 'Yardada ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ko da yake bai karkace ba. Shi kuwa yaron ƙasa yake kallo, wajen gindin firjin, inda aka shimfiɗa wani tsohon zani ninki biyu.

Can ya ce, "Amarya, ba ni ruwa in sha. Tun Wambai nake jin ƙishi."

"Tun jiya? Ashe raƙumi na aura. Ga firji can, ƙafafunka ba a sare ba."

"Wace irin mata ce miji zai dawo daga fatauci ta ce ya ɗebi ruwa da kansa?"

"Fataucin mazubin sabulu? Malam, taimaka ka zuba wa almubazzarin nan."

"Malam ba matata ba ne. Daga hannunki nake so."

Na so in tashi. Sai ta ɗaga mini hannu. Ta dafa gado ta miƙe, ta taka a hankali, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ta ɗauki kofin silba ta danna shi a famfo. Ruwa ya zubo. Wani ya shiga kofin, wani ya bi bayan hannunta, ya cika ɗan kaskon, ya gangaro ta jikin ƙofa har kan zanin. Muna jin bakin kofin yana ƙwanƙwasar firji, ƙas-ƙas-ƙas, kamar baƙo mai jin kunyar shigowa.

Ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

"Rabin kofi," in ji shi. "Rowa dai ba ta tsufa."

"Daidai sadakinka na ba ka."

Ta koma ta zauna. Ba wanda ya yi dariya sosai.

"Amarya, Baba ya ce kafin ya iso in faɗa masa abin da na gani."

"Ashe ɗan leƙen asiri nake ciyarwa. To me ka gani?"

"Na ga zani a gindin firji. Na ga kujera a kan darduma."

"Zanin shanya na yi. Kujerar kuwa ta Malam ce."

"Malam a ɗakinki yake salla?"

"In ya ga dama. Ba ƙanena ba ne?"

"Yaushe kika faɗi?"

"Wa ya faɗi? Allah ya sauwaƙe. Zama na yi da gaggawa."

"A kan tayil?"

"Ubanka ya kashe dukiya ya shimfiɗa abu, ba zan gwada in ji ko da laushi ba?"

"Da laushi?"

"Babu. Ka gaya masa an cuce shi."

"Wa ya tashe ki?"

"Wanda ya zaunar da ni."

"Kin daɗe a ƙasan?"

Ta dubi ƙofa, ta dubi inuwar katanga da ta fara miƙewa a tsakar gida. Ta ce, "Kai alƙali ne? Na ji kiran azahar a nan, na ji na la'asar a nan. Wurin da sanyi, shi ya sa ban yi saurin tashi ba."

Wannan ni ma ban sani ba sai a lokacin. Na ci gaba da jan carbi, amma ban san me nake karantawa ba.

"Ji nan, Maigida," ta sassauta murya. "Akwai hular kakanka, aikin Barno na gaske, tana cikin adaka. Ka rufe bakinka, taka ce."

"Kan kakana ai tulu ne. Har wuya za ta rufe ni."

"Ai rufe bakin ake nema."

"Ba zan yi wa Baba ƙarya ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Shiru za ka yi."

"Shiru ma magana ce. Kuma ke kika haife shi, ke kika koya masa karanta fuska. Yana shigowa zai ce ki tashi ki raka shi zaure, ya tsaya yana kallon ƙafarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"To sake ni. Yanzun nan, ga Malam shaida. Ba zan zauna da mijin da ke kai ƙarata wurin ubansa ba."

"Ba na saki ranar Juma'a."

"Gobe fa?"

"Gobe kina bayan gari, a ɗaki mai sanyi, da talabijin kamar ƙofar gari. Ga mai aiki, ga mai gadi. Me kika rasa?"

"Kurkuku mai fenti! Ka taɓa jin an yi sallama a gidan nan naku an ce a sammana garwashi? Nan in na yi tari, Sa'adiyya ta bayan katanga za ta ce sannu Iya, ta aiko da citta. Muryar kowa a lungun nan na sani, har tafiyar akuyar kowa. Can kuwa in na mutu, sai mai gadi ya ga ungulu sannan a sani."

"Ungulu ba ta zuwa unguwarmu. Sai da izini."

"Ka ji ko? Ko ungulu ba ta samun shiga, ina Sa'adiyya?"

Ya yi dariya kaɗan, ya daina. Ya ɗauki mazubin sabulun ya je ya kara shi a ƙarƙashin famfo. Mazubin bai zauna ba. Ya juya shi ta ɗaya gefen, ya faɗo ƙasa.

"In ɗaure shi da waya fa?"

"Ubanka ya shigo ya ga firjinsa da ɗaurin karaya? Ai gara ka rubuta masa a bango."

"To ki bar firjin. Ga randa can, ki koma mata. Da tsohuwar zuma ake magani."

"In sunkuya da moɗa? Hannun da ya kasa kofi shi zai..."

Maganar ta riga ta fita. Ta dubi hannun nata a kan cinyarta, ta ɗora ɗayan a kai ta danne.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Kasko ya sani. Shi kaɗai na gaya wa, kuka sayar da shi ga 'yan gwangwan."

Daga masallacin unguwa aka fara gyaran lasifika don kiran la'asar. Duk mun ji. Ta dubi ƙofa kuma.

Sai ta taso masa da faɗa, irin faɗan da mutum ke yi in hawaye na neman hanya. "Kuma duk laifinka ne! Wane irin miji ne wannan? Mazan kirki suna kwana a gidajensu, nawa yana can gidan ubansa ana dama masa koko. Gemu har ƙirji, uwarsa ke tashinsa sallar asuba. Da kakanka ne, in zauna a ƙasa tun azahar? Ko tsintsiya ta faɗi a ɗakin nan sai ya leƙo daga shago ya ce mene ne."

"Wane shagon?"

"Na zaure mana. Wanda yake ajiye littattafansa."

"Wanda kika kulle tun rasuwarsa?"

"Shi."

"Da katifa a ciki?"

Ta dube shi. "Kai, kar ka soma."

"Ke kika ce miji ya kwana a gidansa."

"Zagi na yi, ba gayyata ba. Ɗakin kakanka? Ka cika shi da warin safa da kiɗan waya?"

"Zan zo da turare."

"Ka cinye mini tuwo."

"Wannan kam dole. Haƙƙin aure ne."

"Ba za ka iya ba. Nan babu injin wuta, sauron Kabara kuwa da sallama yake shigowa, ya zauna sai ya ƙoshi. Kwana biyu za ka gudu wurin uwarka."

"In na gudu ki kai ni gaban alƙali. Amma da sharaɗi, Amarya. Za a sa tabarmar roba a gindin firjin nan. Safe da yamma ni zan cika miki gora in ajiye kusa da gado. Ranar Litinin kuma mu je asibiti a duba hannun."

"Ba inda za ni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ya sani, amma ba shi ke hawa rufi ba."

"Ji ɗan banza da baki! Sai me kuma, ranka ya daɗe?"

"Sai Baba. Zan gaya masa kin zauna da gaggawa. A gabanki zan faɗa, ba a waya ba. In kuma ce masa daga yau akwai mai tashinki."

"In ya ƙi fa? Ka san halinsa, in ya kafe ko jaki ya sara masa. Rantsuwa ya yi."

"Bai rantse ba. Cewa ya yi magana ta ƙare."

"A bakinsa ai duk ɗaya ne."

Modu ya juyo wurina. "Malam, kai ne kawunsa. Me ka gani?"

Na gyara zama. Ba na son shiga tsakanin ɗa da uwa, kuma ban san abin da Alhaji zai ce ba, don yaron nan tun yana ƙarami in ya tsorata faɗa yake yi. Daga baya na ce, ni dai a iya karatuna, ban ga inda aka ba ɗa izinin ɗauke matar mutum daga ɗakinta, alhali mijin yana zaune a zaure ba.

'Yardada ta kwashe da dariya har ta riƙe ƙugun da ke mata ciwo. "Ka ji malaman zamani! Da fatawarka za a kulle mu duka."

"Kin yarda ke nan?"

"Ban yarda ba, an fi ƙarfina ne. Barebari biyu, ɗaya a kabari ɗaya a tsaye, ga ƙanena ya sayar da ni. Matso, mijin tsiya. Ka ci gari."

Ta jawo haɓar zaninta, inda mabuɗin shagon yake a ƙulle. Ƙullin ya daɗe, ya yi tauri. Ta sa farce ta ja, yatsun suka zame. Ta sake. Modu ya miƙo hannu, ta buge shi.

"Ni na ƙulla, ni zan kwance."

"Kafin ki gama na auri wata."

"Wa za ta ɗauke ka? Tsaya, ya fara sakin jiki."

Kan mabuɗin ya ɗan leƙo. A daidai nan muka ji takun takalmi a zaure, da gyaran murya irin ta Alhaji.

"Salamu alaikum."

Ta tsaya cak. Ta dubi jiƙaƙƙen zanin da ke gindin firji, ta dubi jikanta. Ya matso ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya kama bakin zanin ya riƙe, ƙulli na nan rabi a kwance.

"Salamu alaikum. Iya tana ciki?"

"Amsa masa mana," ta ce a hankali. "Ba kai ne mai gidan ba?"